FAIFAI BIYU CIKIN KWALI ƊAYA

A ƙarshen watan Satumba na shekarar 2023 aka yi wata sanarwa a ƙasar Amurka, jaridun can suka yi ta yayata ta. Ƙungiyar kamfanonin da ke buga faifan waƙa, wadda a ke kira RIAA a taƙaice, ta ba da shaida cewa wani kundin waƙoƙi mai suna Speakerboxxx/The Love Below ya cika awo miliyan 13. Aka ce a cikin irin waƙar nan da a ke kira hip-hop, ba a taɓa ba wani kundi shaidar da ta kai wannan ba. Masu kundin kuwa mutum biyu ne 'yan birnin Atlanta, waɗanda suka yi suna da laƙabin OutKast. Ran da aka yi sanarwar, shekararsu 17 ke nan rabonsu da fitar da kundi tare.

To, mai karatu, musamman kai da ka saba da riƙon littafin kuɗi, ka san ba a sa hannu ƙarƙashin jimla sai an duba abin da aka tara. Miliyan 13 na me? Wa ya auna, kuma da wane mudu? Wanda ya bi sawun waɗannan tambayoyi zai tarar da wani abin mamaki, watau kusan rabin wannan adadi ya samu ne domin mutanen nan biyu sun kasa ci gaba da zama cikin faifai ɗaya. Amma kafin mu kai ga lissafi, bari mu fara sanin su wane ne.

Asalinsu

Hip-hop wata irin waƙa ce da Baƙaƙen fatar Amurka suka ƙaga a unguwar Bronx ta birnin Niyok cikin shekarun 1970. Mai yin ta ba ya rera murya kamar sauran mawaƙa. Magana ce ya ke jerowa da sauri bisa bugun kiɗa, da amsa-amo, da habaici, da kirari, da zambo. Don haka ne masu aikin rediyo na Hausa suka laƙaba mata suna gambarar zamani, sunan kuwa ya zauna daidai. Har farkon shekarun 1990 gari biyu ne ke riƙe da wannan sana'a, Niyok a gabas da Los Anjalis a yamma. Mutanen kudancin ƙasar kuwa ƙauyawa a ke ɗaukarsu, a na yi wa karin harshensu dariya.

A kudancin nan, cikin jihar Jojiya, aka haifi André Benjamin da Antwan Patton, dukansu biyu cikin 1975. Na farkon shi ne daga baya ya ɗauki laƙabin André 3000, na biyun kuma Big Boi. Sun haɗu suna 'yan shekara 16, suna makarantar sakandare ɗaya a East Point, gefen Atlanta. Waɗanda suka koya musu aiki wasu makaɗa ne uku da a ke kira Organized Noize, babbansu Rico Wade. Wurin aikin ba wani wuri ba ne illa ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gidan mahaifiyar Rico, inda ko daɓe babu, sai jar ƙasa. Su da kansu Kurkuku su ke kiransa da harshensu. A nan yaran su ke yini, wani lokaci su kwana, suna rubutu suna gwada murya.

Kamfanin LaFace na Atlanta, wanda Antonio Reid da Kenneth Edmonds suka kafa, shi ya ɗauke su. Waƙarsu ta fari ta fito a ƙarshen 1993, kundinsu na fari kuma cikin 1994, ya sayu har ya cika miliyan ɗaya. Cikin watan Agusta na 1995 aka kira su Niyok domin karɓar lambar sababbin mawaƙa, wadda mujallar The Source ke bayarwa. Da aka ambaci sunansu sai zauren ya ɗauka da ihun raini. André, yaro ɗan shekara 20, ya hau dandamali rai a ɓace, ya gaya wa taron cewa Kudu ma tana da abin faɗi. Har yau mutanen Atlanta ba su manta da wannan dare ba.

Daga nan suka yi ta hawa. ATLiens cikin 1996, Aquemini cikin 1998, Stankonia cikin 2000, kowane kundi ya fi na bayansa kasuwa ko suna. A cikin Stankonia ne a ke da waƙar "Ms. Jackson", wadda ta hau kan jerin waƙoƙin Amurka a farkon 2001.

Sai dai tun a lokacin mai ido ya ga halinsu ya fara shan bamban. Big Boi mutumin gari ne, mai son motoci da kiwon karnuka da hulɗa da jama'a, ya kuma riƙi gambara sana'a, ba ya gajiya da ita. André kuwa ya bar giya, ya bar hayaƙi, ya bar cin nama, ya shiga sa tufafi iri-iri waɗanda suka sa a ke ta magana a kansa: yau naɗi a ka, gobe hular gashi fara fat. Ya fara koyon garaya irin ta Turawa, wadda a ke kira gita. Abin da ya fi duka, ya fara cewa gambara ta gundure shi.

Raba gandu

Kun san yadda a kan yi a gidan gandu in 'yan'uwa sun girma. Ba faɗa aka yi ba, ba a zagi juna ba, amma sai ka ga kowa ya fi mai da hankali ga gayaunarsa, har ranar da za a ce a raba tukunya. Abin da ya sami OutKast ke nan bayan Stankonia. André ya koma Los Anjalis yana neman shiga wasan sinima, ya kuma soma haɗa waɗansu waƙoƙi na soyayya waɗanda ya nufa su zama na wani fim. Big Boi ya zauna Atlanta, a ɗakin ɗaukar muryarsu, yana tara nasa. Kowa ya nufi fitar da kundi shi kaɗai.

A wannan lokaci Antonio Reid ya riga ya zama shugaban kamfanin Arista a Niyok, mawaƙan LaFace kuma suna ƙarƙashinsa. Ɗan kasuwa ba ya son a raba masa haja mai tafiya. Sunan OutKast ne jama'a suka sani, shi ne ke sayar da faifai. Sunan ɗayansu shi kaɗai kuwa ba a gwada shi a kasuwa ba tukuna. Shawarar da aka tsaya a kanta ita ce kowa ya gama nasa faifan yadda ya ke so, sa'an nan a haɗa biyun cikin kwali ɗaya, a rubuta OutKast a bisa. An raba tukunya ke nan, amma zaure ɗaya a ke shiga.

Ran 23 ga Satumba, 2003, kundin ya fito. Faifan Big Boi shi ne Speakerboxxx, na André kuma The Love Below. In aka haɗa su, waƙoƙi wajen 40 ne har da 'yan gajerun maganganu na tsakani, tsawonsu kuwa sa'a 2 da kwata ko kusa da haka. Ku riƙe wannan tsawon a ranku, gama za mu komo kansa.

Faifan Big Boi gambara ce sosai, mai nauyin ganga da ƙahonni, ya gayyato manyan abokan sana'a irin su Jay-Z da Ludacris da Killer Mike. Ya taɓa zancen yaƙi da siyasa, da addini, da wahalar mutumin da aurensa ke rawa. Na André kuwa da ƙyar ma za a kira shi gambara. Rerawa ya ke yi da siririyar murya, da kiɗan jaz, da gita, da molo na zamani, ya gayyato mata mawaƙa irin su Norah Jones da Kelis, kusan duk zancen kuma a kan so ne da tsoron aure. Waƙoƙin da muryoyin su biyun suka haɗu a ciki ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. A ganina faifan Big Boi ya fi tsari, ba ka tsallake waƙa da yawa a cikinsa. Na André yana da wuraren da ya yi tsawo ba dalili, amma a cikinsa ne a ke samun abin da ba a taɓa ji ba. Ya kamata kuma malamai su sani, a duka biyun akwai kalmomin da ba a karanta wa yara a aji. Saboda haka aka manna wa kwalin tambarin gargaɗi ga iyaye, aka kuma buga wani na dabam da aka tace, domin a lokacin akwai manyan kantuna irin su Walmart da ba su ajiye mai tambarin.

Yadda kasuwa ta karɓa

A Amurka akwai mujalla mai suna Billboard wadda a lokacin ke buga jerin kundaye 200 da suka fi sayuwa kowane mako, da kuma jerin waƙoƙi 100 da suka fi tashe. A makon fari kundin OutKast ya sayu wajen 510,000, ya hau kan jerin. Adadi ne mai kyau, amma ba wanda zai sa a buga tambari ba. Stankonia ma ya ɗan fi haka a makonsa na fari, ko da ya ke na biyu ya zo. A cikin wannan shekara ta 2003 kuma, wani mai gambara da a ke kira 50 Cent ya sayar da 872,000 cikin kwanakinsa na fari. Watau da a makon fari a ke yanke hukunci, da ba mu zauna rubuta wannan labari ba.

Abin da ya ɗaga kundin shi ne ya ƙi sauka. An saki waƙa biyu tare zuwa gidajen rediyo, ɗaya daga kowane faifai, don kada a ce an fifita wani: "Hey Ya!" ta André, da "The Way You Move" ta Big Boi tare da Sleepy Brown. Ta André ta hau kan jerin waƙoƙi 100 a tsakiyar Disamba, ta zauna mako 9 cur, ta Big Boi kuwa tana biye da ita makonni da yawa a matsayi na biyu. Ran 14 ga Fabrairu, 2004, da ta André ta sauka, ba kowa ya gaje ta ba sai ta abokinsa. Kundin kansa ya yi ta hawa yana sauka, jimlar zamansa a kan jeri mako 7. Kafin 2003 ta ƙare an sayar da fiye da miliyan 3.

Waƙar "Hey Ya!" ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Wanda ya ji ta daga nesa zai ce ta biki ce, gama kiɗanta na tafi ne da tsalle. Amma zancen cikinta na baƙin ciki ne: mutum biyu da ke zaune tare alhali sun san son ya ƙare, ba mai ƙarfin halin da zai fara faɗa. Ba na cewa da abokinsa ya ke, mawaƙin bai faɗi haka ba, kuma ba kyau a sa wa mutum magana a baki. Sai dai wanda ya san halin da su biyun ke ciki a shekarar nan, da wuya ya ji waƙar bai yi wani tunani ba. Masu ƙirga bugun kiɗa kuma sun lura da wani abu: maimakon ta tafi huɗu-huɗu kamar yawancin waƙoƙin rediyo, sai ta yi huɗu sau uku, ta yi biyu, sa'an nan huɗu sau biyu, jimla 22, kāna ta koma farko. Wannan 'yar gurguntar ce ke sa mai rawa ya ji kamar an fizge shi gaba. A hoton majigin da aka yi wa waƙar, an kwaikwayi zuwan mawaƙan Ingila da a ke kira Beatles gidan talabijin na Amurka cikin 1964. Makaɗa takwas ne a kan dandamali, dukansu takwas ɗin kuwa André ne, an yi dabarar ɗaukar hoto. Ƙungiya ce cikakkiya ta mutum ɗaya.

Har wani kamfani ya tsinci dami a kala. A cikin waƙar an ambaci hoton Polaroid, irin wanda ke fitowa nan take daga na'urar ɗauka, mutane su riƙa kaɗa shi wai don ya bushe. Kamfanin ya riga ya karye tun 2001, sai ga sunansa a bakin kowane yaro. Daga baya dai sai da ya fito ya gargaɗi jama'a cewa kaɗa hoton na iya ɓata shi.

Ran 8 ga Fabrairu, 2004, aka yi taron ba da lambobin Grammy a Los Anjalis, watau lambobin da suka fi kowanne daraja a sana'ar waƙa a Amurka. OutKast suka ci uku, har da babbar, ta kundin shekara. Kafin su, Lauryn Hill kaɗai ta taɓa cin ta daga wannan fanni, cikin 1999, shekara 20 kuma suka wuce bayansu babu wani kundin gambara da ya sake cin ta. Daren bai ƙare lami lafiya ba. André ya yi wasa da masu rawa sanye da gashin tsuntsu irin na mutanen asalin ƙasar, waɗanda suka riga Turawa zama, su kuwa suka ce an yi wasa da al'adarsu. Gidan talabijin na CBS ya ba da haƙuri.

Ga wani abu kuma da zai ba akawu mamaki. Cikin watan Janairu na 2004, a daidai lokacin da kundin ke kan jeri, waƙoƙinsa biyu kuma suna riƙe da na ɗaya da na biyu, sai uwar kamfanin, watau BMG ta Jamus, ta sallami Antonio Reid daga shugabancin Arista. Jaridu suka ba da labarin cewa kamfanin ya tafka asara mai yawa. Ashe haja ɗaya mai tafiya ba ta rufe ramin da sauran suka haƙa. Bai daɗe a zaune ba, wata na gaba wani babban kamfani ya ɗauke shi.

Mudun awo

Yanzu sai mu koma ga tambayarmu. A Amurka mudu biyu ne a ke auna cinikin faifai da su, kuma ba girmansu ɗaya ba.

Na fari shi ne na kanti. Cikin watan Mayu na 1991 Billboard ta fara aiki da wata hanya mai suna SoundScan: duk faifan da aka biya kuɗinsa, na'urar kanti ta karanta 'yan layukan da ke bayan kwalin, ta aika da labari. Kafin wannan, waya a ke buga wa masu kantuna a tambaye su abin da ya fi sayuwa, su kuwa su faɗi abin da suka ga dama, ko abin da aka ba su goro su faɗa. Da aka koma ga na'ura sai asiri ya tonu, aka ga ashe gambara da waƙoƙin manoman karkara sun fi yadda a ke zato kasuwa nesa ba kusa ba. Cikin 'yan makonni ƙungiyar gambara ta N.W.A ta hau kan jeri. A wannan mudu kwali ɗaya ɗaya ne, ko faifai nawa ke ciki.

Na biyu shi ne na RIAA, mai ba da lambobin yabo. Ta fara ba da ta zinariya cikin 1958, wadda a ƙa'idar da aka tsayar daga baya ke nufin 500,000. Cikin 1976 ta ƙaro ta filatinam, wani farin ƙarfe mai tsada, domin miliyan ɗaya. Cikin 1999 kuma ta ƙaro ta lu'ulu'u domin miliyan 10. Ita ba a bakin kanti ta ke tsayawa ba. Abin da kamfani ya aika wa 'yan sari ta ke ƙirgawa, bayan an cire wanda aka mayar, kuma sai kamfanin ya nema ya biya kuɗin binciken littattafansa. Sa'an nan tana da wata ƙa'ida: in kwali na ɗauke da faifai fiye da ɗaya, tsawonsu kuma ya wuce minti 100, to, kowane faifai awo ɗaya ne.

Kun tuna tsawon kundinmu? Minti 135 ko kusa. Saboda haka duk mutumin da ya shiga kanti ya sayi kwali ɗaya, ya biya kuɗi sau ɗaya, a littafin RIAA an rubuta biyu. Lambar lu'ulu'u da aka ba su cikin Disamba 2004 ta kwali miliyan 5 ce. Shaidar miliyan 11 da aka ba su cikin 2006 kuma ta kwali miliyan 5 da rabi ce, mudun kanti ma kusan abin da ya nuna ke nan.

Kada wani ya ce an yi maguɗi. Ƙa'idar a rubuce ta ke tun kafin su zo, wasu ma sun ci moriyarta: kundin 2Pac na 1996 da na Notorious B.I.G. na 1997 duk masu faifai biyu ne, duk kuma da wannan lissafi suka kai ga lu'ulu'u. Kwali miliyan 5 da rabi kuma ba wasa ba ne. Mutanen Amurka a 2003 wajen miliyan 290 ne, watau in ka raba, kwali ɗaya ga kowane mutum 53, har da jarirai da tsofaffi. Amma in za a gwada tsawo, sai a tsaya a ƙasa ɗaya. Kundin 50 Cent, mai faifai ɗaya, ya sayu miliyan 6 da rabi cikin 2003 kaɗai. The Eminem Show, wanda aka ce OutKast sun wuce cikin 2023 domin shaidarsa ta tsaya a miliyan 12, shi ma faifai ɗaya ne, ya kuma sayu fiye da miliyan 7 cikin 2002 kaɗai. MC Hammer ya cika miliyan 10 da faifai ɗaya tun farkon shekarun 1990. Ko a gidan OutKast ɗin ma, Stankonia ya sami shaidar miliyan 4 da faifai ɗaya. Wanda ya ga 4 ya ga 11 zai ce ciniki ya kusa ninka uku, alhali daga 4 ne zuwa 5 da rabi.

Daga 11 zuwa 13 kuwa, a tsakani an sake mudun ɗungum. Cikin 2016 RIAA ta fara ƙirga saurare ta intanet, ta ce in an saurari waƙoƙin kundi sau 1,500, daidai ya ke da an sayi kundin sau ɗaya. Malamin lissafi na iya ba 'yan aji wannan: in 1,500 ke ba da awo ɗaya, saurare nawa ke ba da awo miliyan ɗaya? Amsa, miliyan 1,500. Watau adadin nan na 13 tsaba iri biyu ce aka zuba cikin buhu ɗaya, wata an auna ta da mudun faifai mai ninki, wata da mudun intanet.

A nan ne faɗuwa ta zo daidai da zama. Da André da Big Boi sun shirya kamar dā, sun yi faifai ɗaya na minti 70, da ko ya sayu haka, shaidar da za a ba su cikin 2006 ba za ta wuce miliyan 5 ko 6 ba. Da kuma an bar kowa ya fita da sunansa, da an raba masu saye gida biyu. Mai son gambara zalla ya sayi na Big Boi, uwar gida da ta ji "Hey Ya!" a rediyon mota ta sayi na André, ba wanda zai ɗauki na ɗayan. Haɗa su cikin kwali ɗaya ya sa kowane mai saye ya tafi gida da faifan da bai zo nema ba, littafi kuma ya rubuta masa biyu.

Sun kuma zo a ƙarshen cin kasuwa, rana ta yi gora. Cinikin faifai a Amurka ya kai ƙololuwa cikin 1999, shekarar da Napster ya fito ya koya wa samari ɗaukar waƙa kyauta ta kwamfuta, daga nan ya fara gangara. Cikin Afrilu 2003 kamfanin Apple ya buɗe kantin iTunes, inda a lokacin mutum ke sayen waƙa ɗaya tak a kan santi 99, ba sai ya ɗauki kundi duka ba. Mako biyu kafin fitowar kundin OutKast, RIAA ta kai mutum 261 ƙara kotu saboda musayar waƙoƙi ta intanet. A damina ta 2003 dai yawancin jama'a kanti su ke zuwa. Da an yi jinkirin shekara biyar, da da yawa sun sayi waƙa ɗayan nan da su ke so, sun bar sauran 38.

Bayan haka

Al'adar sana'ar ita ce in kundi ya karɓu haka, mawaƙa su zaga garuruwa suna wasa, gama a nan ne kuɗi na sosai ke shiga aljihunsu. André ya ce ba za shi ba. Cikin 2006 suka fitar da fim mai suna Idlewild da kundi mai wannan suna, ya zo na biyu a jeri, ya sami shaidar miliyan ɗaya. Shi ne na ƙarshe da aka rubuta OutKast a kansa. Ba su taɓa yin shelar rabuwa ba, kuma duk wanda ya tambaye su, sai su ce su 'yan'uwa ne.

Big Boi ya ci gaba da sana'arsa, ya fitar da kundinsa na kansa cikin 2010, masana suka yaba, ya bi shi da waɗansu. Cikin 2019 ya sayi gidan nan mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda suka fara. Cikin 2014 sun haɗu sun yi wasa a bukukuwa fiye da 40 domin cikar kundinsu na fari shekara 20, daga nan kowa ya sake kama gabansa. André ya kan sa murya jefi-jefi a waƙar wani, ya fito a fim, sauran lokaci kuwa sai a gan shi a titi ko filin jirgin sama, shi kaɗai, yana busa sarewa. Cikin Nuwamba 2023, wata biyu bai cika ba da ba da shaidar miliyan 13, ya fitar da kundinsa na fari da sunansa shi kaɗai, New Blue Sun. Busa ce tun daga farko har ƙarshe, ba gambara, ba rerawa.

Rico Wade ya rasu cikin Afrilu 2024. Cikin Nuwamba 2025 aka shigar da OutKast zauren tunawa da manyan mawaƙa na Amurka, a wani taro da aka yi a Los Anjalis. Su biyun suka hau dandamali tare, suka kira mutanen Kurkuku suka tsaya bayansu. André ya yi jawabi har muryarsa ta karye sa'ad da ya zo kan zancen ɗan ƙaramin ɗakin da suka fara a ciki. Da lokacin waƙa ya yi, Big Boi ya ɗauki abin magana tare da baƙin da aka gayyato, André kuwa bai yi ba.